Wa ya gano Kogin Kwara? Muhawara a kan Mungo Park da baƙin da suka biyo bayansa

Maman Ummi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wani abu ya tsaya mini a rai tun daren jiya, na ce bari in kawo shi nan tunda akwai malamai a cikinmu. 'Yata ta aji biyar ta zo da aikin gida, a ciki an tambaye su wa ya gano Kogin Neja. Amsar da ke littafinta Mungo Park. Ta tambaye ni ko haka ne, na ce ta rubuta abin da aka koya musu kada ta rasa maki. Ta rubuta ta kwanta, ni kuwa barci ya ƙaurace mini.

Ni 'yar Yawuri ce. Mahaifina Basarke ne, a cikin jirgi ya tashi kamar ubansa da kakansa. Ƙauyen da aka haife shi yana ƙarƙashin ruwa tun da aka datse kogin a Kainji a 1968. Mu Kwara muke ce masa, ban taɓa jin tsohona ya ce Neja ba har ya koma ga Allah. Sai ga shi da bakina na sa jikarsa ta rubuta wai wani Bature ne ya gano ruwan da ya ciyar da gidanmu. Me zan gaya mata? Kuma shi mutumin nan, takamaimai me ya yi?

Ɗan Tasha

Wa alaikumus salam Hajiya. Ki gaya mata ƙarya ce kawai. Ta yaya baƙo zai gano abin da ya tarar ana wanki a bakinsa? Mu ma haka aka yi mana, har bulala na sha a kan sunan nan. Wallahi raina ya ɓaci da na ji har yau ana koyar da shi.

Malam Na-Zariya

Maman Ummi, Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Tarihi nake koyarwa a sakandare, bari in ba ki labarin mutumin, a ciki za ki sami abin gaya wa Ummi.

Likita ne ɗan ƙasar Sikotilan. Wata ƙungiyar manyan mutane da aka kafa a Landan a 1788 ita ta aiko shi. Suna jin labarin wani babban kogi a ƙasar baƙar fata, suna jin sunan Tambutu da Hausa, amma ba su san ko gabas ruwan yake yi ko yamma ba, balle inda yake ƙarewa. Wasu na cewa reshen Nilu ne, wasu na cewa a cikin yashi yake ƙafewa. Ko Ibn Battuta da ya gan shi da idonsa a tafiyarsa ta Mali, Nilu ya kira shi.

Park ya tashi daga bakin Kogin Gambiya a ƙarshen 1795 da tafinta da yaro mai hidima. A hanya aka raba shi da kayansa, wani sarkin mutanen hamada mai suna Ali ya tsare shi wajen wata huɗu, da ƙyar ya sulale da dokinsa. A watan Yuli na 1796 ya iso Segu, a ƙasar Mali ta yanzu. Ga wurin da nake so ki riƙe. Ba shi kaɗai ya iso ba, tare yake da wasu mutanen ƙasar Karta, kuma ɗaya daga cikinsu ne ya ɗaga murya ya ce masa ga ruwan can. Shi da kansa ya rubuta haka. Ya ma ƙara da cewa ganin ruwan yana yin gabas bai ba shi mamaki ba, domin duk waɗanda ya tambaya a hanya haka suka tabbatar masa. Nuna masa aka yi, kuma bai ɓoye ba. Masu rubuta littattafan makaranta su ne suka share wanda ya nuna suka bar wanda aka nuna wa.

Segun da ya tarar kuwa birni ne da ya ƙiyasta mutanensa sun kai 30,000, da masallatai a unguwa-unguwa, da jirage cike da kogi. Fiye da awa biyu ya yi a bakin ruwa yana jiran jirgin fito saboda cunkoso.

Hajiya Babba

Allah ya ƙara sani Malam. Ni shekara 31 na yi ina koyarwa a firamare, kuma da hannuna na rubuta wannan amsa a allo ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Allah ya yafe mana. Sai bayan na ajiye aiki ɗana ya karanta mini abin da ya faru a daren da mutumin ya isa Segu, har na yi hawaye.

Sarkin garin, Mansong, ya ce ba zai gan shi ba sai ya san abin da ke tafe da shi, aka ce ya tafi wani ƙauye ya kwana. A ƙauyen kowa ya ji tsoronsa, ba wanda ya ba shi masauki. Ya yini a gindin itace ba ci, ga hadari ya haɗo. Da almuru wata mata ta taso daga gona ta gan shi, ta tambayi abin da ya same shi, ta ɗauki sirdinsa da linzami ta ce ya biyo ta. Ta kunna fitila, ta shimfiɗa masa tabarma, ta gasa masa kifi. Matan gidan suna kaɗi cikin dare suna waƙar tausayin baƙon da ba shi da uwa a kusa. Da gari ya waye, abin da ya samu ya ba ta maɓallai biyu ne daga jikin rigarsa.

'Yata, sunan baiwar Allah nan bai shiga littafi ba. Sarkin ma da ya ƙi ganinsa sai da ya aika masa da wuri 5,000 ya yi guzuri. Ki fara ba Ummi labarin matar nan kafin na Baturen.

Injiniya

Ku yi haƙuri, ni zan saɓa muku. Ina ganin da kalma muke faɗa. Tsawon kogin nan ya haura kilomita 4,000. A duwatsun Gini yake tasowa, wajen kilomita 240 daga teku, sai ya ba tekun baya ya nufi hamada har kusa da Tambutu, sannan ya karyo kudu ya ratsa Nijar da Najeriya. A Mali Joliba suke ce masa, Zabarmawa su ce Isa Beri, mu mu ce Kwara, Yarbawa su ce Oya. Kowa ya san nasa yanki ciki da bai, amma wa ya bi shi daga kai har wutsiya ya zana ya ce duk ruwa ɗaya ne? Baban Maman Ummi, Allah ya jiƙansa, ya san kowane dutse da kowane gungu na Yawuri, amma ba ruwansa da Bamako. Wanda ya harhaɗa guntayen nan ya yi aiki, kuma rayuka aka sa a ciki. Kada mu hana mutum haƙƙinsa don ba namu ba ne.

Malam Na-Zariya

Injiniya, ko da mudun naka aka auna, ba Park ba ne. Ya mutu bai san inda kogin yake ƙarewa ba. Waɗanda suka kai wa Turai wannan amsa su ne wa da ƙane, Richard da John Lander, a 1830, da suka biyo ruwa daga Busa har teku. Su ma a jiragen mutane suka yi tafiyar, aka kama su a hanya, suka faɗa hannun Sarkin Abo, Obi Ossai, sai wani basaraken Brass ya fanshe su ya kai su bakin teku.

Kuma ka duba wannan. Tun ƙarni na 15 jiragen Turawa suke zuwa waɗannan rafuffukan na bakin teku suna sayen bayi, daga baya manja. Sama da shekara 300 suna ciniki a bakin kogin da suke nema, ba su san shi ba ne. Masu jiragen Nufe da Kakanda da Igala da Abo kuwa suna miƙa wa juna kaya hannu da hannu daga sama har ƙasa. Sanin yana nan, a rarrabe yake a hannun masu aiki da shi. Na yarda da kai cewa zana shi a takarda ɗaya aiki ne. Amma sunan aikin zane, ba ganowa ba.

Maman Ummi

Malam, a gidanmu na taso ina jin cewa wani Nasara ya taɓa nutsewa a Busa. Shi ne?

Malam Na-Zariya

Shi ne, a zuwansa na biyu. Kuma in kika ji wannan zuwan za ki ce ba mutumin da matar Segu ta ba tabarma ba ne.

A 1805 gwamnatin Ingila ta sake turo shi, wannan karon da sojoji. Suka yi kuskure suka shiga daji damina na kamawa. A ɗaya daga cikin wasiƙunsa na ƙarshe ya ce cikin Turawa 44 da suka baro Gambiya lafiya lau, biyar kaɗai suka rage. Zazzaɓi da atuni suka cinye sauran. A Sansanding ya haɗa jirgi daga tsofaffin kwale-kwale biyu, ya cika shi da bindigogi, ya ƙudurta ba zai riƙa sauka yana gaida masu ƙasa ba. Wanda duk ya matso da jirginsa sai harbi. Kusan shekara 50 bayan haka, da wani matafiyi Bajamushe mai suna Barth ya je yankin Tambutu, ya tarar da Buzayen da ba su manta da Nasaran da ya wuce yana harbin mutane ba.

A ƙasar Yawuri jagoransa Amadi Fatuma ya sauka, domin nan alkawarinsu ya ƙare. A bakinsa aka sami ragowar labarin: ya ce Park ya ba da kyautar da za a kai wa sarki, wanda aka damƙa wa ya danne ya ce ba a ba da komai ba, sarki ya yi fushi. A duwatsun Busa jirgin ya maƙale, aka yi musayar kibiya da harsashi, Park ya faɗa ruwa, a farkon 1806. Tsohuwar Busa ma yanzu tana ƙarƙashin tafkin da ya cinye ƙauyen Baba.

Ɗan Damagaram

Salamu alaikum. Daga Zinder nake bin ku. Ni batun kalma bai dame ni ba kamar abin da ya biyo baya. Mutanen nan 'yan leƙen asiri ne, ko sun yi harbi ko sun yi murmushi. Barth da ake yabo, ya zo ya ce sunansa Abdulkarim, ya koyi Hausa, ya zauna Agadas a 1850, har yau gidan da ya sauka yana nan ana kai baƙi. Ya auna rijiyoyi, ya ƙirga kwanakin tafiya tsakanin gari da gari, ya rubuta wane sarki ke gaba da wane. Wa ya karanta? Waɗanda suka zauna a Balin a 1884 suna shata yadda za su raba ƙasashenmu. Shekara 15 bayan zaman nan, hafsoshin sojan Faransa Voulet da Chanoine suka ratso ƙasar Hausa suna ƙone garuruwa. Ku tambayi mutanen Birnin Ƙonni abin da aka yi musu a 1899. Hanyar da mai alƙalami ya share ita mai bindiga ya biyo.

Basakkwace

Ɗan'uwa, zancenka na da ƙamshin gaskiya, amma kada a ɗauka magabata barci sunka yi. Wanga tunani naka an yi shi a fadar Sakkwato tun zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Wani Bature mai suna Clapperton da Ingila ta aiko ya taso daga Tarabulus, ya biyo Kukawa, ya shiga Kano a watan Janairu na 1824, ya iso Sakkwato a watan Maris. Abdullahi anka san shi da shi, Waziri Giɗaɗo ne ya riƙe shi. Ku ji irin zaman da sunka yi. Bello ya tambaye shi wace ƙungiyar Kirista ce tasu, har ya ambaci Nasɗuriyawa, ya ja shi da tambayoyi sai da baƙon ya amsa cewa bai yi zurfi a ilimin addini ba. Da anka nuna masa kayan duban taurari, ya kira burujai da taurari da sunayensu na Larabci. A zuwa na biyu Clapperton ya kawo masa littafin lissafin Uƙlidis da Larabci, Bello ya yi murna ya ce da suna da shi gobara ta cinye. Wanga shi ne mutumin da wai anka zo a gano.

Ya karɓe shi da mutunci, ya rubuta wa Sarkin Ingila George na huɗu wasiƙa, ya nemi a aiko da jakada da likita. Amma da baƙon ya ce zai tafi Yawuri da Nufe ya bi kogi, Bello ya ce hanya ba lafiya, bai bari ba. Da baki ya nuna masa cewa ruwan na shiga teku, amma taswirar da anka ba shi ta nuna ya yi gabas wajen Masar, har wasu masana tarihi na ganin da gangan anka yi haka. Da ya dawo ta Badagiri a 1826 ana yaƙi da Barno, yana ɗauke da wasiƙa da makamai zuwa ga Shehu Laminu, Bello ya karɓe su. Clapperton ya rubuta cewa an gaya masa Shehun ya taɓa aiko da gargaɗi: in anka sakar wa Ingilishi fuska, za su yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya har su karɓe ƙasa kamar yadda sunka yi a Indiya. Shekara 77 kafin Lugard ya shigo Sakkwato ke nan.

Ɗan Tasha

To tunda sun gane, me ya sa ba su kashe shi ba? Da an yi maganin na farko, na biyu ba zai zo ba.

Basakkwace

Subhanallahi. Mutum ya shigo da amana, da takardar gabatarwa, ya sauka gidanka, ka yanka shi? Shari'a ba ta ba da wannan ba, kuma Bello malami ne kafin ya zama sarki. Ya hana shi abin da ya ga cutarwa ne, ya bar masa ransa. Ciwo ya kashe Clapperton a Sakkwato a watan Afrilu na 1827, yaronsa Richard Lander ya binne shi a wani ƙauye kusa da gari, anka bar yaron ya koma gida.

Ɗan Damagaram

Ƙanena Ɗan Tasha, mu mun gwada abin da kake faɗa. A 1898 Kyaftin Cazemajou ya zo Zinder, aka kashe shi a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Shekara na zagayowa Faransawa suka dawo da runduna, aka gwabza a Tirmini, aka ci garin, aka bi sarkin aka kashe. Barikin da suka gina ma sunan mamacin suka sa masa. Sakkwato ta karrama baƙo an ci ta, Damagaram ta kashe baƙo an ci ta. Wannan shi ne abin da ke ci mini rai.

Likita

Ina karanta ku tsakanin marasa lafiya, ku bar ni in sa baki ta fannina. Tambayar da nake yi wa kaina ita ce, me ya sa daga Park zuwa faɗuwar Kano a 1903 aka ɗauki sama da shekara 100, alhali a wasu wuraren abin bai ɗauki ƙarni guda ba?

Ku dubi mutanen Taino da Kolumbus ya tarar a wani tsibiri na nahiyar Amurka a 1492. Su ma tarba suka yi masa. Da babban jirginsa ya fashe a ƙarshen watan Disamba na shekarar, sarkinsu Guacanagari ya tura mutanensa da kwale-kwale suka kwashe kayan kaf, ko allura ba ta ɓata ba. Shi kuwa tun kwanakin farko ya rubuta cewa za su yi daɗin bauta, kuma da mutum 50 za a iya mallake su duka. Aka sa su haƙar zinariya dole, yunwa ta shiga, sannan agana ta sauka a tsibirin a 1518, cutar da jikinsu bai taɓa sani ba. Kafin shekara 50 garuruwansu sun zama kufai.

A wurinmu sai abin ya juya. Agana da ƙyanda ba baƙi ba ne a nan, baƙon shi ne wanda jikinsa bai san saurommu ba. Ayarin jiragen tururi da wani ɗan kasuwa mai suna Laird ya kawo Kwara a 1832, cikin Turawa 48 tara suka rayu. Sai a 1854 wani likita mai suna Baikie ya shigo da jirgi ya hau Binuwai yana ba mutanensa kwinin kullum, ya fita ba wanda ya mutu. Daga ranar katangar da ta tsare mu ta fara zubewa. Da bindiga mai ruwa ta zo, sai ta tarar da ƙofa a buɗe.

Af, kuma masarar da muke ci, da rogo, da gyaɗa, da tumatir, da barkono, duk 'yan asalin nahiyar Amurka ne suka fara nomansu. Dalar gyaɗar Kano ta zamanin da ma irinsu ce. Duk lokacin da na tuna haka sai in ji kamar bashinsu muke ci.

Ɗan Marwa

Daga Kamaru nake. Akwai abin da ba wanda ya taɓo, kuma ba zan iya yin shiru ba domin kakata ta wajen uwa 'yar Musgu ce. Muna ta magana kamar mu kaɗai aka zo wa. A ƙarshen 1851 rundunar Barno ta fita zuwa ƙasar Musgu a bakin Kogin Logon, Barth da abokinsa Overweg suna cikinta. Ya rubuta kyawun ƙasar, gonaki da rumbuna da gidaje tsaf-tsaf. Ya kuma rubuta cewa a rana ɗaya an kashe maza manya 170, yawancinsu an sare musu ƙafa an bar su jini ya ƙare, aka kora mata da yara. A wurin 'yan Musgu, baƙon da ya zo daga nesa da dawaki da bindiga ba Bature ba ne. Kuma da Baturen bai rubuta ba, da wa zai ba mu wannan adadi?

Ɗan Tasha

Yaya, wannan ai wata magana ce daban. Muna zancen Turawa ka kawo mana Barno.

Hajiya Babba

A'a ɗana, magana ɗaya ce. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wanda ya ji zafin a ce an gano kakansa, ya kamata ya ji zafin a ce kakan wani arne ne halal a kama. Ɗan Marwa, Allah ya jiƙan waɗanda aka zalunta. Ban taɓa jin labarin nan ba sai yau, kuma na gode da ka faɗa.

Ɗan Zango

Gaisuwa daga Kumasi. Injiniya ya ce rayuka aka sa, gaskiya ne. Amma hanyoyin da suka bi, wa ya share su? Da Clapperton ya iso Kayama a 1826 ya tarar da ayarin fataken Hausa wajen mutum 1,000 sun taso daga Gwanja da goro. Kakanninmu ke nan. Tafiyar wata da watanni suke yi da jakai da takarkarai, madugu ya san kowane zango, ya san kuɗin fito a kowane kogi, ya san harshen da zai gaida kowane sarki. Ba wanda ya kira su masu gano ƙasa, fatake ne kawai.

A Kano ma, shi Clapperton ya shigo sanye da kayan sojan ruwa yana tsammanin za a taru a kansa, ba wanda ya ko waiwayo, kowa na harkar gabansa. A kasuwa ya sayi laima ƙirar Ingila, ta riga shi isowa ta hamada. Ya kuma rubuta cewa in ka sayi turkuɗi a Kano ka kai Barno ka tarar da aibi, mayar da shi ake yi, domin sunan dillali yana rubuce a cikin ƙunshin.

Ɗalibar Jami'a

Iyayena da yayyena, ku ba ni dama in ƙara sunaye biyu, tunda Hajiya Babba ta yi zancen waɗanda ba a rubuta ba. Akwai Abubakar, Bagobiri, wanda Turawa ke kira Pasko. An kama shi an sayar har ya shiga jirgin bayi, sojan ruwan Ingila suka ƙwace jirgin, ya yi aiki tare da su. Shi ne tafintan Clapperton a zuwa na biyu, kuma yana tare da su Lander a 1830. Bahaushe yana cikin jirgin da ya kai teku.

Na biyu Dorugu, yaro daga ƙasar Damagaram da aka bautar, Overweg ya 'yanta shi, Barth ya tafi da shi Turai a 1855 tare da wani yaron mai suna Abbega. A Ingila ya ba wani ɗan mishan mai suna Schön labarin rayuwarsa da Hausa aka rubuta, har da yadda ya ga Turawa suna zaman cin abinci. Ya dawo gida, a ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano, ya rasu a 1912. Tun da na san labarinsa nake tambayar kaina, me ya sa ba a taɓa tambayarmu a jarrabawa wa ya fara kawo wa Hausawa labarin Landan da harshensu ba?

Injiniya

Na karɓi gyaran Malam a kan Park, ba shi ya kai ƙarshen kogin ba. Amma ina nan a kan bakana a abu ɗaya. Ɗan Marwa ya taimake ni ma bai sani ba: adadin da ya kawo, daga rubutun Barth ya fito. Labarin matar Segu daga Park. Dokar dillalan Kano daga Clapperton. Duk hujjojin da muka doke su da su yau, a littattafansu muka samo. Ɗan Damagaram ya ce 'yan leƙen asiri ne, ni na ce shaidu ne kuma, ko ba su yi niyya ba.

Basakkwace

Ba duka ba, Injiniya. Bello ya rubuta tarihin ƙasashen nan da alƙalaminsa tun kafin Clapperton ya zo, har wani yanki nasa baƙon ya tafi da shi Ingila anka fassara. Tarihin Songhai da Barth ya ba Turai labari, a Gwandu anka ara masa littafin a 1853 ya zauna yana kwafa. Namu na nan cikin gafakka a gidajen malamai, gara na ci. Mu ne ba mu karantawa.

Malam Na-Zariya

Nan kam na bi bayan Basakkwace. Maman Ummi, ga shawarata. Kada ki sa yarinya ta yi jayayya da malaminta a gaban aji, shi ma abin da aka ba shi yake bayarwa. Ki rubuta masa 'yar takarda cikin ladabi, ki roƙi a gyara tambayar ta koma: wane Bature ne ya fara ganin Kogin Kwara ya koma ya ba da labari? In haka aka tambaya, Mungo Park amsa ce ta gaskiya, ba a zalunci kowa ba. Ni haka nake yi a ajina. Sannan ina gaya musu cewa sunan da Turawa suka san kogin da shi, shi ya zama sunan ƙasashe biyu, wata 'yar jarida Flora Shaw ta ba da shawarar sunan Najeriya a 1897. Namu sunan sai a 1967 aka ba wata jiha.

Maman Ummi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Bayan la'asar na zaunar da Ummi na ce mata jiya ban gaya mata daidai ba. Na ba ta labarin mutanen Karta, da matar da ta gasa kifi, da Busa. Ta ce yaya sunan matar, na ce ba a rubuta ba. Ta yi shiru can ta ce to sunan ƙauyen Kaka fa, an rubuta? Nan na ji gabana ya faɗi, domin ni kaina sai da na yi tunani kafin na tuno.

Na kira ƙanen mahaifina, shi kaɗai ya rage a cikinsu, har yanzu yana da jirgi. Na tambaye shi sunan ƙauyen kawai, sai ya kama jero mini gungaye da mashigai da duwatsu ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ke nan da waɗanda ruwa ya cinye, har kuɗin wayata suka ƙare bai gama ba.

Hajiya Babba

Shekarunsa nawa, 'yata?

Maman Ummi

Ya haura 80, Hajiya.

Hajiya Babba

To kada ki jira dogon hutu. Ki tafi da yarinyar, ki ɗauki muryarsa a waya, ita kuma ta riƙe biro.

Maman Ummi

In sha Allahu. Na yi magana da babanta, ranar Juma'a in an tashi makaranta za mu kama hanya. Takardar malaminta kuma na rubuta, tana cikin jakarta.